Gejin da Zoɓo Ya Shaƙe a Garejin Malam Mudathir

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma hancin da har yau bai dawo daidai ba, iyalan Malam Mudathir Lawal Ɗanbatta, malamin lissafi mazaunin Mitchellville a jihar Maryland, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar gejin tulun zoɓonsu. Ya rasu ranar Laraba da hantsi, kwana goma bayan Babbar Sallah ta shekarar 2019, a cikin gareji, tsakanin injin yankan ciyawa da buhun gawayi, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Ya bar duniya allurarsa na tsaye a kan arba'in da bakwai, kuma a nan take har yanzu.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, marigayin ɗan agogo ne da bai fi bakin kofin shayi faɗi ba, mai farar fuska da baƙaƙen lambobi daga sifili zuwa sittin, da allura guda. Mazauninsa kan regileta, wato ƙarfen da ke tsakanin silindar gas da tulun ƙarfe mai cin galan biyar. Aikinsa ɗaya ne a duniya, ya faɗi ƙarfin iskar da ke cikin tulun. Iskar nan ita ce ke shiga zoɓo ta sa shi tartsatsi a harshe kamar lemon kwalba. Idan ta yi kaɗan, zoɓo ya fito a mace. Idan ta yi yawa, kumfa zalla mutum zai tara a kofi. Marigayin ne ke raba gardama.

Ya shigo gidan a shekarar 2011 ta hannun maƙwabci, Chuwang, mutumin Jos, injiniya, wanda ke haɗa giyarsa a ɗakin ƙasa na gidansa kuma bai taɓa ɓoye wa kowa ba. Matarsa Selina ce ta sha zoɓon gidan Malam ranar wata Sallah, ta ce da a ce yana da gas, da babu lemon da zai tsaya kusa da shi. Chuwang ya ce wannan ai abu ne mai sauƙi. Ya ɗauki Malam a motarsa zuwa shagon da ake sayar da kayan masu haɗa giya a gida, domin a nan kaɗai ake samun irin tulun. Malam ya shiga da hularsa a aljihu, yana addu'ar kada ya haɗu da uban wani ɗalibinsa. Ya ƙi karɓar tsohon tulun da Chuwang ya yi masa tayi. Komai sabo ya saya, fil a leda, don kada a ce wani abu a ciki ya taɓa sanin giya. Abu ɗaya ya bari a kan kanta, wani ɗan bawul da ake sa wa tiyo don ya hana ruwa komawa baya wajen regileta. Chuwang ya ce ya ɗauka. Malam ya ce sai wani zuwan. Ba a yi wani zuwan ba.

Ba kowa ne ya yi maraba da baƙon ba. Alhaji Boubacar, dattijon jama'a, mutumin Maraɗi da ya shekara ashirin yana tuƙa tasi daga Wheaton, shekara uku ya yi yana zuwa gidan ba ya karɓar komai sai ruwa. Daga nesa yake kallon tulun, yana tattare bakin riga. Sai ranar da Malam ya zaunar da shi, ya buɗe masa komai, ya faɗa masa abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, “Alhaji, in akwai abin da ya haramta a cikin kofin nan, a wuyana.”

Alhaji ya dube shi ya ce, “Ni ban san ƙarhe ba, kai na sani.” Ya sha.

Daga ranar sauran dattawa suka bi sahu, zoɓon Malam ya zama na suna da walima da buɗe-baki, daga Silver Spring har Mitchellville. Duk wanda ya ɗaga kofi, maganar Malam yake sha.

Shaidar da aka yi wa marigayin ta alheri ce. Shekara takwas a cikin sanyin tsohon firij na gareji, bai taɓa ƙorafi ba. Inda aka ajiye shi, a kan lamba sha biyu, nan za a dawo a same shi. Ba ya ƙari don ya faranta wa maigida, ba ya ragi don ya kauce wa faɗa. Sau ɗaya, a 2014, aka wayi gari ya faɗi warwas zuwa sifili, Malam ya zarge shi. Da aka shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo sai ga kumfa tana tashi, ashe wata 'yar roba ce ta tsage, iska na zurarewa. Malam ya ba shi haƙuri a zuci. Da ya riƙe darasin wannan rana, da ba a rubuta wannan takarda ba. Marigayin ba mai surutu ba ne. Abin da aka sani na muryarsa shi ne ƙit, idan an ƙwanƙwasa gilashinsa da farce, sai kuma tsss na regileta a ƙarƙashinsa idan an buɗe gas, kamar mai korar kaza a hankali don kada ta firgita.

Ciwon ajali ya samo asali ne daga kyakkyawar niyya. An sa ranar walimar saukar Alƙur'ani ta Afnan, 'yar Malam ta fari, Asabar ta biyu bayan Sallah. Malam mutum ne mai son ya gama abu kafin lokacinsa, sai ya dafa zoɓon tun ranar jajibiri. Ya sa citta da kanumfari da sukari mai yawa. A da yakan tafasa ɓawon abarba tare da zoɓon. Wannan karon, da yake walimar 'yarsa ce, ya so ƙamshi na musamman, sai ya yi yadda ya ga gwaggonsa tana yi a Ɗanbatta: bayan zoɓo ya huce, a jiƙa ɗanyen ɓawon a ciki, domin tafasa tana korar ƙamshi. Abin da bai tuna ba shi ne zoɓon gwaggo ba ya kwana a duniya, da safe ake haɗawa, kafin la'asar an shanye. Saboda yawan baƙin da ake sa rai kuma, ya cika tulun har wuya, ya wuce iyakar da Chuwang ya nuna masa tun ranar farko.

Washegari, ranar Sallah, aka dawo daga gonar da ake yanka, da rago guda da kason saniya, da kuma kason wasu gidaje biyu na Silver Spring waɗanda firij ɗinsu na gidan haya ba ya cin ko cinya ɗaya. Hajiya Rumasa'u, mai ɗakin Malam, ta tsaya a ƙofar gareji, ta dubi nama, ta dubi firij.

“Malam, ko tulunka ya fito ko nama ya yi wari. Ka zaɓa.”

“Kwana nawa?”

“Biyu. In na soya, ka mayar da abinka.”

Aka fito da tulu da silinda da marigayin, aka jingine su a bango, a cikin zafin Agusta na Maryland da ke sa mutum gumi yana zaune. Kwana biyu suka zama goma, domin Hajiya nas ce, aka yi ta kiran ta aiki, masu kason kuma kowa ya ce gobe.

Ranar Laraba ta farko allura ta tashi daga sha biyu zuwa ashirin. Malam ya ce zafi ne, iska takan kumbura. Ranar Juma'a ta kai talatin. A nan ya kamata a faɗi gaskiya, ko da ba ta yi wa masu makoki daɗi ba: marigayin bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Kira yake yi da iyakar abin da yake da shi. Malam ne ya ɗauki kiran a matsayin ruɗewar tsufa.

An yi jinya, ba a yi sakaci ba, sai dai duk maganin mai lafiya aka yi ta ba wa. Malam ya ƙwanƙwasa gilashi da farce, ya ji ƙit, allura ba ta sauka ba. Ya kaɗa ruwan sabulu ya shafe kowace mahaɗa da tsohon burushin haƙori, babu kumfa ko ɗaya. Ya kwance regileta daga silinda, ya sauya 'yar robar da ke tsakaninsu, ya ɗaure da sifana. Daga nan ya yi gwajin da ya isa ya warware komai. Ya murɗe kan silinda ya rufe gas gaba ɗaya, ya rubuta lambar da allura take kai a takarda, ya dawo washegari. Ta ƙara biyar. Ko ɗalibinsa mafi barci a aji zai tambaya, in an rufe gas, daga ina iska ke zuwa? Malamin lissafi ya dubi takardarsa, ya rubuta a ƙasa da kyakkyawan rubutunsa: geji ya lalace.

Mafi muni, akwai wani ɗan zobe a jikin regileta wanda idan an ja shi iska ke fita. Safe da yamma Malam sai ya ja shi, tsss, allura ta sauka, hankalinsa ya kwanta. Bai san cewa da kowane ja, zoɓon da ya cika tulu har wuya yake janyowa sama ba. Tiyon gas ɗin ja ne, ba a ganin cikinsa, zoɓo ma ja. Haka ya riƙa ɗura wa majinyacin ajalinsa da hannunsa, sau biyu a rana, kamar mai bin ƙa'idar likita. Ɗan warin da ya fara tashi kuwa, aka ɗora wa kwandon sharar nama.

Ranar Litinin Alhaji Boubacar ya biyo da tasinsa yin barka da Sallah, aiki ya sa ya makara. Rana ta take. Malam yana azumin Litinin, Hajiya tana wurin aiki. Baƙo irin Alhaji ba a tarar sa da ruwa zalla, don haka Malam ya cika jug da ƙanƙara ya tara a bakin famfon tulu. Kumfa ta fito da ƙarfi har ta fantsama masa a riga. Ya ce laifin geji ne, ya jira ta kwanta. Bai ɗanɗana ba, ga azumi, ga shi kuma tun ranar da ya dafa bai taɓa ba, yana tattalin na walima.

“Wanga na bana ya hi na bara,” in ji Alhaji bayan kofi na biyu. “Yana da wani ɗan cizo. Mi ka ƙara?”

“Ɓawon abarba, Alhaji.”

“Bon, madalla. Ka riƙe shi.”

Malam ya ji daɗi har cikin ransa.

Ranar Laraba da hantsi ya ja zobe kamar kullum. Maimakon tsss sai aka ji furrr, sannan wani ɓul-ɓul kamar daga maƙogwaro, sai wani jan ruwa mai yauƙi ya ɗiga a kan takalminsa. Allura ta yi rawa sau biyu, ta tsaya. Ya ƙwanƙwasa, ko ƙit ɗin bai fito sosai ba. A bayan gilashi, ta ƙasa, jan ruwa ya taru kamar a ido mai ciwo.

Abin da ya biyo baya iyalan sun so a bar shi, Malam ya ce a rubuta. Ya cire tiyo, ya ga kamar ya toshe, sai ya tuna yadda direbobi ke zuƙo fetur daga tanki a tashar Ɗanbatta. Ya sa baki ya zuƙa. Ba za a yi dogon bayani ba. Abin da ya shigo yana da ɗumi, yana da gudaji, yana da tsamin kunun da aka manta a ƙarƙashin gado, da wani ɗaci a ƙarshe mai hawa hanci. Ya tofar, ya sake tofarwa, ya kuskure baki sau bakwai a famfon lambu, ya yi asuwaki, ya tauna goro, ya sha shayi mai zafi, duk da haka har la'asar yana jin abin a bayan harshensa. Afnan ta leƙo garejin, ta faɗi wata kalma da Turanci, ta toshe hanci da mayafi ta koma.

Da Chuwang ya dawo daga aiki aka kira shi. Tun daga bakin ƙofa ya tsaya, ya shaƙi iska, ya dubi Malam da tausayi.

“Malam, yaushe ka shiga sana'ata ba ka gaya mini ba?”

“Geji ne ya lalace.”

“Geji lafiyarshi ƙalau har ka kashe shi. Wannan wari na san shi tun gidan kakata. Abin nan ya tsimu.”

Ya shimfiɗa jarida, ya kwance regileta. Murfin ya ƙi fita sai da aka ɗan buga, da ya fita kuma sai zare-zaren yauƙi suka biyo shi. Cikin ya yi baƙi-baƙi, ja-ja. Sukari ya daskare a kan sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar da ke ciki, ya zama danƙo, farar funfuna mai gashi ta yi shimfiɗa a kan roba, tagulla ta yi kore. Ƙananan ƙudaje, waɗanda ba a san inda suke ɓoye ba, suka zo gaisuwa tun kafin a sanar. Da aka kwance gejin kansa aka girgiza, ba a ji ƙarar ƙarfe ba, sai ta ruwa. Chuwang, wanda ya shekara talatin yana mu'amala da tsimi, sai da ya fita ya tsaya kusa da motarsa na ɗan lokaci.

Da ya dawo ya yi bayani a taƙaice. Ɗanyen ɓawon abarba yana ɗauke da yis nasa na halitta, irin abin da ke sa ƙullu ya tashi. A cikin sanyi barci yake yi. Da ya samu zafi da sukari sai ya tashi aiki, yana cin sukari yana fitar da iska, da kuma ɗayan abin. Iskar ce marigayin ya yi ta nunawa.

“Ya kai ya bugar?” in ji Malam, murya ƙasa-ƙasa.

“Ba zai kayar da ƙato ba. Amma in kana tambaya ko akwai, akwai.”

An tuntsurar da zoɓon a banɗaki, bokiti bayan bokiti, Malam na ɗauka fuskarsa a juye. Wannan bai yi masa wuya ba. Abin da ya hana shi cin abinci kofi biyun nan ne da Alhaji ya sha ranar Litinin. Babu wanda ya sani sai shi da Hajiya da Chuwang, Chuwang kuma ya ce shi bai ga komai ba. Ga uzuri a shirye, domin mutane da dama sun riga sun ji shi yana cewa geji ya lalace. Ana iya cewa shi ya sa babu zoɓo a walima, magana ta mutu, marigayin ya tafi da laifin.

“Kai ka ce masa a wuyanka,” in ji Hajiya Rumasa'u tana juya nama a kasko. “Ni dai ban ga ka sauke ba.”



Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Malam ya bi Alhaji Boubacar har inda ya ajiye tasinsa a Wheaton, ya shiga ya zauna a gefensa. Ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya sake tambayar iyali. Sannan ya faɗi komai, tun daga ɓawon abarba har zuwa abin da aka gani a kan jarida, bai rage ba, bai kuma ɗora wa geji komai ba. Alhaji ya dafa sitiyari.

“Kofi nawa ka ce?”

“Biyu, Alhaji.”

“Ukku. Na ƙara guda da ka shiga alwala.”

Ya buɗe ƙofa ya tofar da yawu a kwalta, ko da yake kwana huɗu sun wuce. Ya yi istigfari, ya shafa gemu.

“Shekara sittin da bakwai. Abidjan na zamna, Paris na zamna, ko ƙamshin giya ban yarda ya taɓa rigata ba. Sai a gidan malami, da rana tsaka, da ƙanƙara.”

Ya juyo ya dubi Malam.

“Wanda bai sani ba Allah ba ya kama shi, wanga ni da kai mun sani. Amma abin nan naka, ka ce ya gwada maka?”

“Ya nuna, Alhaji. Kwana bakwai yana nunawa.”

“To shi ya hi ka gaskiya a makon nan. Yau dai ka kamo shi.” Ya tada mota. “Gobe ƙarhe nawa walimar?”

An yi walima lafiya, Afnan ta yi karatu ba gargada. An sha ruwan roba da lemon kwalba. Da wani ya tambayi ina zoɓo, Malam ya miƙe a gaban dattawa ya maimaita abin da ya gaya wa Alhaji, a gajarce. Wasu sun yi dariya, wasu ba su yi ba. Gidaje biyu sun ce daga yau ruwa ya ishe su, Malam kuma bai ga laifinsu ba.

Marigayin ya rasu ya bar ɗan'uwansa, gejin silinda, wanda ke gefensa tun ranar farko, wanda kuma bai taɓa faɗin komai ba sai ɗari takwas har ranar da gas zai ƙare. An cire shi an ajiye a aljihun tebur. Ya bar silinda, lafiya lau amma a rufe. Ya bar tulun ƙarfe, wanda aka wanke da ruwan zafi da sabulu da kanwa har sau biyar, Hajiya ta shinshina ta ce a sake. Yanzu yana kife a rana, ba a yanke hukunci a kansa ba. Regileta, wadda ta ɗauke shi a kafaɗa shekara takwas, ba ta jure ba, ta bi shi a ranar. Jan tiyo yana raye, amma iyalan sun yanke hulɗa da shi.

Za a fitar da gawa ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe, daga garejin gidan. Ba za a yi masa wanka ba, an gwada. Ba za a yi masa sallah ba, domin ƙarfe ne, Malam kuma ba ya son a yi wasa da abin da ba na wasa ba. An naɗe shi tare da regileta a cikin leda uku, an ɗaure bakin kowace, an sa a bokitin fenti mai murfi. Ana roƙon masu son ganin fuskarsa karo na ƙarshe su haƙura. Wanda ya matsa, ya je can ƙarshen titi ya buɗe shi kaɗai. Za a karɓi gaisuwa a falo, ba a gareji ba, daga azahar zuwa la'asar.

Makwancinsa wurin karɓar tsofaffin ƙarafa na ƙaramar hukuma. Chuwang ne zai ɗauki bokiti. Alhaji Boubacar ya ce shi zai tuƙa, da sharaɗin a sa gawar a but ɗin mota, a sauke gilasai huɗu, Malam kuma ya zauna a kujerar baya, kusa da warin. Da aka tambaye shi ko zai sake karɓar kofi a gidan idan an kawo sabon geji, ya ce a bari a kai wannan tukuna.